Burodin da Na Tofar a Hankici

Ku kashe wayar nan tukuna, na gani. Wata mata ce a ɗakin girki mai tayil, ta zuba fulawa, ta zuba ruwa, kafin ka ƙifta ido burodi ya fito yana sheƙi. To, madalla. Kun ce ku uku kun haɗa kai za ku buɗe gidan burodi a nan Kafanchan, an kuma ce muku ku zo wurin Isiyaku ya ba ku awo, wato fulawa kaza, sukari kaza, yis kaza. Awon ba wani abu ba ne, zan rubuta muku a bayan kwalin bota kafin ku tafi. Amma tunda burodin da ke cikin tanderu bai nuna ba, ku zauna a bencin nan ku ji yadda aikin yake, don abin da ya kayar da ni ba ya cikin awo.

Aikin farko da na yi a gidan nan wankin gwangwani ne. Mahaifina ɗan kasuwar citta ne, gidanmu na nan tun zamanin da jirgin ƙasa ke cika garin nan da baƙi. Shi ya kama hannuna ya kawo ni wurin Baba Yohanna, mutumin Nok, wanda ya gina tanderun nan da kuke gani da jan bulo da laka. Dangi sun yi ta magana, wai yaya za a kai ɗan Musulmi koyon sana'a hannun Kirista. Mahaifina ya ce shi dai ya ci burodin mutumin, bai ga algus a ciki ba, magana ta ƙare. Shekara biyu ina kankare gwangwani da yashi, ina shafa musu mai da tsumma, Baba bai bar ni na taɓa kwaɓi ba. In ya ga ɗigon baƙi a kusurwar gwangwani ɗaya, sai ya juye duka a gabana ya ce, "Isiyaku, sake." Ba ya zagi, ba ya duka, "sake" ɗin nan ce kawai, kuma har yau in na tuna ta sai in ji bayana ya amsa.

Bayan gwangwani sai wuta. Ku da kuke zancen tanderun lantarki, ku fara tambayar kanku awa nawa ake barin wuta a unguwarku. Namu na itace ne. Ana cika shi bayan sallar asuba, a bar itacen ya ci har bulon sama ya yi fari, sannan a jawo garwashin waje da dogon ƙarfe, a ɗaura jiƙaƙƙen buhu a kan sanda a share ƙasan. Ba mu da abin auna zafi. Baba yakan watsa ɗan garin fulawa a ƙasan tanderun ya tsaya yana kallo. In ya yi baƙi nan take, a jira. In ya yi ja a hankali kamar gyaɗa a kasko, a zuba gwangwani. Da damina kuwa, ku da kanku kun san ruwan garin nan, sai a yi kwana huɗu yana tsugowa ta wajen dutsen Kagoro, itace ya jiƙe sharkaf, kwaɓi ya ƙi tashi saboda sanyi, mu lulluɓe shi da buhuna kamar mai zazzaɓi. Tabon nan na hannuna a irin wannan rana na same shi, a bakin tanderu.

Kwaɓi kuma a wancan lokaci da hannu ne, a cikin wani dogon kwamin katako. Buhu guda, mutum biyu, ku tsaya ɗaya nan ɗaya can kuna naushi kuna ninkewa har rigarku ta jiƙe. Kai mai jar hula, kana murmushi, ka ɗauka injin ya raba ku da wannan. Injin murza ya zo daga baya, ya rage wahala, ba na musu, amma ƙarafan nan biyu da ke juyawa ba su san bambancin kwaɓi da yatsa ba. Na san mutum biyu a garin nan da ke gaisawa da hannun da bai cika ba.

Ranar da Baba ya fara koya mini sanin fulawa, an kawo sabon buhu ne. Ya ɗebi tafi ɗaya ya kwaɓa da ruwa, ya dunƙule, ya bar shi ya ɗan huta, sannan ya ce in wanke dunƙulen a cikin kwano. Na ɗauka wasa yake yi. Na yi ta murzawa, ruwan ya yi fari kamar koko, na zubar na sake, har abin da ya rage a tafina ya zama wani ɗan abu mai naɗewa kamar roba. Ya ce in ja. Na ja, ya miƙe bai tsinke ba. Ya ce, "Wannan danƙon shi ne burodi. Shi ke riƙe iska in kwaɓi ya tashi. Dawa ba ta da shi, acca ba ta da shi, shi ya sa ba a burodi da su. Fulawar da danƙonta ya tsinke, mayar wa mai ita." Ya kuma koya mini aiki da harshe: kowane kwaɓi sai an gutsuri kaɗan ɗanye an tauna, a ji gishiri, a ji ko yis ya wuce wuri ya fara tsami. Ku riƙe maganar danƙon nan, za mu dawo kanta.

Sai burodin farko, wanda babu shi a wayarku. Kafin zuwana an taɓa kawo wa Baba fulawa a motar da ta ɗauko kananzir. Ranar yana fama da mura, hancinsa bai ji komai ba, burodi ya fita gari, yara suka yi ta amai a gidaje. Babu wanda ya mutu, amma Baba ya yi alkawari tsakaninsa da Ubangijinsa cewa burodi ba zai ƙara fita ta ƙofar nan ba sai ya ci a gaban masu saye. Duk lokacin da aka kwashe tanderu, sau uku ko huɗu a rana, zai ɗauki gwangwanin da ya fara fitowa ya juye, ya raba burodin biyu da hannu, ba da wuƙa ba, ya gutsuri babba ya haɗiye a idon kowa, sannan ya ce, "To, ku ɗiba." Da tsufa ya kama shi, 'ya'yansa duk sun shiga aikin gwamnati, sai ya bar mini gidan ya koma Nok, a can ya rasu. Abu ɗaya ya roƙe ni, kada in yar da wannan al'ada. Ko da azumi ban yar ba, sai in juya aikin, a kwashe tanderu daf da magariba, in sha ruwa da burodin farko a gaban mutane.

Masu sayen burodina kashi biyu ne. Akwai masu shayi na cikin gari, su dogo mai laushi suke so, wanda zai yanku ba tare da ya marmashe ba. Akwai kuma matan da ke ɗauka a manyan robobi su kai Kagoro da Kwoi da ƙauyukan Jaba ranar kasuwa, su kuma mai nauyi mai ɗan zaƙi suke so, wanda zai jure girgizar babur ya kuma kwana uku bai bushe ba. Matan nan su suka fi ɗiba, kuma kusan dukansu Kiristoci ne. Babbarsu ita ce Mama Rifkatu, mai shago a Kagoro, wadda ta san ni tun ina wankin gwangwani, "ɗana" take ce mini. Shekarar da gari ya rikice ba sai na ba ku labari ba, iyayenku sun ba ku. Bayan an daina gudu an koma kasuwa, amma zukata ba su koma ba. Aka yi ta yaɗawa cewa kowane ɓangare, Musulmi da Kirista, na zuba wa ɗayan guba a abinci. Na yi sati uku babu mace ɗaya da ta leƙo wurin nan.

Ran nan da hantsi sai ga Mama Rifkatu da robarta a ka, mata bakwai a bayanta sun tsaya can tsallaken titi. Na raba burodin farko na ci. Ta miƙo hannu ta karɓi ɗaya rabin, ta juya wajen matan ta ci a gabansu. Ta ce musu, "Ɗan Baba Yohanna ne. Abin da zai ba ku, cikinsa ya fara shiga." Suka tsallako. Daga ranar nan ba burodi kaɗai nake sayarwa ba, har da wannan haɗiyar, kuma na san haka sarai.

Ciwon ya shigo a hankali, ina da shekara hamsin da 'yan kai. Da farko kumburin ciki ne bayan azahar, in ji cikina ya ɗaure tam har sai na kwance zariyar wando. Yau zawo, gobe kuma shiru har kwana uku. Sai gajiya irin wadda barci ba ya maganinta, da ciwon gwiwa da na wuyan hannu. Abin da ya fi tsorata ni shi ne kaina. In tsaya gaban sikeli da gishiri a hannu, in rasa ko na zuba ko ban zuba ba, kamar an cika mini kai da hayaƙin ɗanyen itace. Wata rana tanderu guda ya ƙone ƙurmus ina zaune a nan inda kuke, ina kallon ƙofarsa. Na sha maganin olsa har na gaji, an yi mini allurar taifod sau biyu, na sha jiƙe-jiƙen basir, wata gwaggona ta rantse sammu ne. Shekara biyu ina wannan yawo, kullum kuma ina cin burodina sau huɗu a rana, ban da ɗanyen kwaɓi, ban da na karin kumallo.

Matata Hajara ce ta matsa mini na tafi wani babban asibiti a Jos. Na yi dace da likita, wata mace mai haƙuri, wadda ta fara tambayata abin da nake ci kafin ta rubuta komai. Da ta ji sana'ata sai ta ajiye biro. Ta ce kada in daina cin burodi tukuna sai an gama gwaji, don in na daina, gwajin ba zai faɗi gaskiya ba. Aka ɗebi jinina, aka zura mini wata roba mai fitila ta baki aka ɗebo ɗan abu daga hanjina, aka ɗiɗɗiga mini wasu ruwaye a fatar hannu aka sossoke. Bayan sati uku na koma jin sakamako.

Ta ce, "Baba, akwai wata cuta, siliyak ake ce mata, wadda alkama ke lalata wa mutum hanji. Ba ka da ita, hanjinka lafiya lau. Akwai kuma wadda jiki ke yi wa alkama bore nan take, mutum ya yi ƙuraje, numfashi ya sarƙe. Ita ma ba ka da ita."

Na ce, "To, alhamdu lillahi. Ke nan lafiyata ƙalau, ƙarya nake yi?"

Ta ce, "Ba ƙarya kake yi ba. Akwai mutanen da ba su da wannan, ba su da waccan, amma in sun ci alkama sai sun wahala, in sun bari su samu sauƙi. Ana zargin wani abu ne a cikin fulawa, gulutin." Ta fara kwatanta mini shi da hannu, wai shi ke sa kwaɓi ya riƙa miƙewa.

Na ce, "Likita, danƙo kike nufi. Na fi shekara talatin ina wanke shi a kwano."

Ta yi dariya, ni ban yi ba. Ta ce su kansu likitoci ba su gama tabbatarwa ba, ko danƙon ne, ko wani abu dabam da ke tare da shi a cikin alkama, kuma babu gwajin jini ko hoton da ke nuna wannan matsala. Hanya ɗaya ce: in bar duk abin da aka yi da alkama har sati shida, burodi, taliya, fanke, cincin, tuwon semo, in ga yadda zan ji, sannan in koma in ci, in ga ko zai dawo.

Hajara ta koma yi mini gwaten acca da safe, tuwon dawa ko doya da rana. Sati na biyu zariyar wando ta daina matse ni. Sati na huɗu hayaƙin nan ya yaye daga kaina, na tuna ashe haka sauran mutane ke tashi da safe. Da sati shida suka cika na ci rabin burodi a gida kwana biyu a jere, kashegari komai ya dawo, ciki da gwiwa da kai. Likita ta ce wasu suna iya ɗaukar kaɗan. Na gwada kaɗan ɗin, na ga cikina yana yafe mini na kwana ɗaya, amma in na jera kwana uku sai ya kwantar da ni. Na roƙe ta ta ba ni shaida. Ta ce za ta rubuta abin da muka gani, amma takardun gwaji duk abu ɗaya suka ce, ba a ga komai ba. Na fito daga asibitin nan raina a ɓace, wallahi har na yi fatan a ce waccan mai lalata hanjin ce, ko ba komai ita tana da takarda.

Za ku tambaye ni, to burodin farko fa, tun daga sati shidan nan? A nan na tafka kuskuren. Na zauna na auna. In na tsaya gaban matan nan na ce burodi na sa ni ciwo, abin da zai shiga kunnensu shi ne mai burodi ya ce burodinsa na sa ciwo. In na ce ni kaɗai ne, jikina ne, su ce ina shaida, in nuna musu takardar da ta ce lafiyata lau. Babu wanda ya taɓa jin irin wannan ciwo a garin nan, ni ma ban taɓa ji ba sai da ya same ni. Hajara ta ce, "Malam, ka ja Mama Rifkatu gefe ka faɗa mata, ai mai hankali ce." Na ce mata ta tsaya a kan tukunyarta, ni na san kasuwata. Sai na ƙirƙiro dabara. In raba burodi, in gutsura, in tauna a gabansu, in ce "ku ɗiba" da abin a kumatuna, sannan in juya wajen tanderu kamar zan duba wuta, in ciro hankici kamar zan share gumi, in tofar a ciki in mayar aljihu. Mai burodi da share gumi ba abin kallo ba ne. Na ce wa kaina na sati shida ne kawai, sai ga shi an yi wata biyar ina yi.

Saura kwana huɗu Kirsimeti, lokacin da muke kwaɓa buhu takwas a rana, aka kwashe tanderu na uku wajen ƙarfe biyu na rana. Wurin nan cike yake da mata da robobi, wasu har kan tarin itace suke zaune. Na raba, na tauna, na juya. Ranar saboda yawan aiki ban samu na zazzage hankicin ba tun safe. Ina ciro shi ya warware, taunannen burodi dunƙule biyu suka faɗo ƙasa, nan daidai ƙafar teburin nan, na uku kuma yana bakina. Wata mata daga Kwoi ta sunkuya ta duba, ta ɗago ta ce a hankali, "Shi ba ya haɗiyewa." Na buɗe baki zan yi magana, ga abu a kumatuna. Kaina ya kulle, na kasa haɗiyewa, na kasa tofarwa. Mama Rifkatu ta daɗe tana kallona. Sannan ta ɗauki robarta babu ko burodi ɗaya a ciki ta fita, sauran suka bi bayanta.

Kafin magariba labari ya kai Kagoro, kafin Kirsimeti ya kai Nok. Wasu suka ce maganin hana haihuwa nake zubawa, wasu suka ce hodar nan ce da aka hana, mai kumbura burodi. Na ɗauka masu shayinmu na cikin gari za su tsaya mini, ina. Mai shayi ba ya ajiye burodin da masu sha ke turewa. Ma'aikatan duba-gari suka zo suka buɗe buhuna, suka ɗebi kwaɓi, suka dawo suka ce ba su ga komai ba. Na samu takarda ta biyu ke nan mai cewa ba a ga komai ba. Burodin Kirsimeti ya zauna a kan tebura har ya yi fumfuna, masu kiwon kaji suka kwashe a baro. Mutum shida ke aiki da ni, huɗu na sallama kafin wata ya ƙare. Wannan ce mummunar shekarata, ba shekarar rikici ba, ba kuma shekarar da fulawa ta yi tsada ba.

Bayan sati uku na ɗauki burodi ɗaya mai zafi da takardun asibiti, na hau babur zuwa Kagoro. Na iske Mama Rifkatu a ƙofar shagonta da la'asar tana ɓarar gyaɗa. Katakon da take jera burodi babu komai a kai. Na gaishe ta, ta amsa, ta turo mini kujera da ƙafa. Na buɗe leda, na raba burodin biyu, na fara ci. Na cinye rabi, na kama ɗaya rabin, ina haɗiyewa ina buɗe mata baki ta gani. Ta tashi ta kawo mini ruwa a kofi.

Ta ce, "Ya isa, Isiyaku." Ba ta ce ɗana ba.

Duk da haka na cinye, sannan na faɗa mata komai, tun daga kumburin ciki har Jos har danƙo. Na miƙa mata takardun. Ta sa tabarau, ta daɗe tana bin layi da yatsa.

Ta ce, "Takarda ya ce ba ka da komai."

Na ce, "Haka ta ce, Mama. Shi ya sa na ji tsoro."

Ta ninke ta mayar mini. Ta ce, "Ƙanen mijina in ya sha nono sai ya wuni yana zagayawa. Tun da na shigo gidansu haka yake, ban taɓa ce ya kawo takarda ba. Wata nawa kana tofarwa?"

Na ce, "Biyar."

Ta ajiye farantin gyaɗar. Ta ce, "Ni na tsaya a taron mata bayan sujada a coci, na ce wannan yaro yana ci a gabanmu, ni shaida ce. Na faɗa a Kwoi, na faɗa a Nok. Wata biyar kana sa ni ƙarya, ni ban sani ba."

Na ce, "Mama, babu komai a burodin nan, na rantse da Allah."

Ta ce, "Na sani. Tun ranar na sani, da akwai abu a ciki ko bakinka ba za ka kai ba. Da ka jawo ni gefe ka ce, Mama, cikina ba ya ɗauka, da ni zan riƙa ci maka a gabansu. Kullum. Me ke cikin cin burodi?"

Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba. Da ƙyar na ce, "To yanzu fa, Mama? In kin dawo kin ci, za su dawo."

Ta nuna mini katakon da babu komai. Ta ce, "Ka ga wannan? Na kawo na wani gida, ba su saya ba. Sun ce Rifkatu ta san abin da ake zubawa, ana ba ta nata kason. Yanzu ko tanderu guda na cinye a gabansu, ba mai jin maganata. Ba naka mutuncin kaɗai ka tofar ba, Isiyaku."

Na hau babur na dawo gida. Burodin nan ya kwantar da ni kwana uku. Hajara ba ta ce mini "ai na faɗa maka" ba, gwate kawai ta riƙa ajiye mini a bakin gado. Mama Rifkatu ta koma sayar da gyaɗa da citta, ba ta ƙara taɓa burodi ba har ta rasu bara waccan. Na je gaisuwa, 'ya'yanta sun karɓe ni da mutunci, matan da muka yi shekaru muna ciniki kuwa babu wadda ta amsa gaisuwata.

Yanzu buhu biyu muke kwaɓawa, wata rana ɗaya da rabi. Lafiyar jiki na same ta, ba na musun wannan. Amma shekara shida ke nan ban tauna kwaɓina ba. Gishiri da sikeli kaɗai nake auna shi, tashin kwaɓi da yatsa da hanci, kuma na san burodin bai kai na da ba, ba sai an faɗa mini ba. Likita ta ce in riƙa gwadawa lokaci zuwa lokaci, wasu yakan sake su. Na gwada bara, ni bai sake ni ba. Burodin farko dai ban yar ba. Ina rabawa, in ɗaga murya in ce ni ba na ci, alkama ba ta karɓe ni ba, jikina ne ba burodin ba, sannan in miƙa. Wata rana wani ya karɓa, wata rana in tsaya da hannu a miƙe har ya huce.

Ku matsa, za a kwashe tanderu, kada gwangwani ya ƙona ku. Wannan ne ya fara fitowa. Kun ga yadda ake rabawa, da hannu. Ni ba zan ci ba, kun kuma ji dalili. Ga shi.